Yadda ake saita wa dattijo babbar waya ta zauna masa daidai

Ƙorafin iyaye da kakanni a kan babbar waya bai cika wuce huɗu ba: rubutu ya yi ƙanana, ana kira ba sa ji, sun taɓa wani wuri komai ya watse, kati da data kuma suna ƙarewa ba a san inda suka shiga ba. Duk huɗun, da maganinsu wayar ta fito daga kamfani. Ba sai an sauke wata manhaja ba, ba kuma sai an je wurin mai gyara ba. Abin da ake bukata shi ne zaman kamar awa ɗaya, waya cike da caji, ɗan littafi da biro, sai mai wayar a gefenka da tabaransa idan yana sawa.

Kada ka karɓi wayar ka shige ɗaki ka saita ta kai kaɗai. Idon Baba za a gwada, da kunnensa, da yatsansa. Rubutun da kake gani tar, shi a wurinsa tururuwa ce ke jerin gwano.

Sunayen wurare a cikin saiti sun bambanta tsakanin Tecno, Infinix, itel, Samsung da Redmi, har tsakanin tsohuwar Tecno da sabuwa. Don haka kada ka tsaya lalube. Buɗe Settings, ko Paramètres idan wayar na kan Faransanci kamar yawancin wayoyin Nijar, a sama akwai gurbin bincike, rubuta kalmar da aka ambata a nan, wayar za ta kai ka. An bar kalmomin yadda suke a rubuce a fuskar waya don haka za ka gan su.

Fara da asusun Google

Ba shi ne ya dami Baba ba, amma shi ne zai fi ba ka wahala nan gaba. Sau da yawa mai shagon da ya sayar da wayar ne ke buɗe Gmail ɗin a tsaitsaye, ya sa kalmar sirrin da shi kansa zai manta kafin la'asar. Ranar da wayar ta rikice aka goge ta gaba ɗaya, Android zai ƙi buɗewa sai an kawo wannan adireshi da kalmar sirrinsa. Don ɓarayi aka yi wannan tsaro, amma mai waya ya fi kamawa.

Shiga Google a cikin saiti ka ga adireshin da ke kai. Idan babu wanda ya san kalmar sirrin, a gyara yanzu tun wayar na buɗe, a sa lambar mai wayar da ta ɗaya daga cikin 'ya'yansa a matsayin hanyar dawo da asusu. Rubuta komai a littafin nan, a ajiye shi inda ake ajiye takardun gida. Sannan danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, za ta fito, ita ma a rubuta. Kwashe lambobin mutane daga layi zuwa asusun Google, domin layi ba ya ɗaukar fiye da suna kamar 250, ba ya kuma ɗaukar hoto, ga shi hoton ne za mu yi aiki da shi. A ƙarshe tabbatar Find My Device, wanda sababbin wayoyi ke kira Find Hub, a kunne yake. Idan waya ta shige ƙarƙashin katifa, kana iya sa ta yi ƙara na minti 5 daga taka wayar ko da an rufe mata murya, muddin datarta na kunne.

Ido

Abu biyu ne daban, kuma mutane na haɗa su. Font size girman rubutu kaɗai yake ƙarawa. Display size, wanda Samsung ke kira Screen zoom, yana kumbura komai da komai, har alamomin manhajoji da madannai. Fara da na farkon. Buɗe wani saƙo na gaske, miƙa masa wayar ya riƙe yadda ya saba riƙewa, ka riƙa ƙarawa mataki-mataki har ya karanta ba tare da ya kanne ido ko ya miƙe hannu can nesa ba. Sannan ƙara na biyun mataki ɗaya tak. Idan ka ƙure su duka biyun, a wasu manhajoji, musamman na banki, madannin da ake tura abu da shi yakan faɗa ƙasan allo ya ɓace, jerin zaɓin da ke fitowa idan an danna lambar duba kati kuma ya yanke a tsakiya. Kunna Bold text idan akwai. Kaurin rubutu yakan fi girmansa taimako. WhatsApp na da nasa girman rubutun a ƙarƙashin Chats, shi ma a kai shi babba.

Screen timeout yakan zo a kan daƙiƙa 15 ko 30. Dattijo na tsakiyar karanta layi na biyu allo ya mutu. Mai da shi minti 2. Kashe Auto-rotate, don kada allo ya riƙa wuntsilawa duk lokacin da Hajiya ta kishingiɗa. Hoton jikoki kuma, wanda babu yadda za ka hana a sa, a ɗora shi a allon kulle. Bayan alamomin manhajoji a sa launi ɗaya mai duhu, domin farin rubutu a kan hoton atamfa mai zane ko yaro ba ya ganinsa da kyau.

Baƙin allo da farin rubutu, wato Dark mode, wasu na jin daɗinsa, wasu yana ƙara musu hazo. Gwada masa duka biyun ya zaɓa.

Akwai Magnification a cikin Accessibility, mai kusanto da duk abin da ke kan allo. Yana da hanyoyin kunnawa fiye da ɗaya. Guji wadda ake ƙwanƙwasa allo sau uku, domin mai rawar hannu zai riƙa kunna ta bai sani ba, komai ya yi girma ya rasa hanyar fita. Zaɓi ɗan madannin da ke zama a gefen allo. Ga rubutun da ba a cikin waya yake ba, kamar na jikin kwalbar magani ko ranar lalacewarsa, kyamara ta wadatar: a ɗauki hoto a cikin haske, a buɗe hoton, a ware yatsu biyu a kansa. Hoton ya fi a tsaya ana leƙe ta kyamara, don hannu ba ya tsayawa cak.

Idan ka kai rubutu ƙarshe har yanzu yana cewa dishi-dishi yake gani, zancen ya bar waya. Yanar ido da hawan jinin ido ba saiti ke gyara su ba, sai asibiti, irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido na ECWA a Kano.

Yatsa

Sababbin wayoyi na zuwa babu madannai a ƙasa, sai shafa daga gefe ko daga ƙasa. Wannan shi ne babban abin da ke rikita dattawa. Nemi System navigation, ko Navigation bar a Samsung, ka dawo da madannai uku: na komawa baya, na tsakiya mai kai mutum gida, da na ganin abubuwan da ke buɗe. Na tsakiyar nan shi ne darasin farko, kafin kira ma.

Dattijo ya saba da ƙaramar waya mai madannai, wadda sai an danna da ƙarfi. Yana kawo wannan ƙarfin kan gilashi, yatsa ya daɗe a wurin, waya kuma ta ɗauka so yake ya ɗauke alamar ya kai ta wani wuri. Haka manhajoji ke yawo suna ɓacewa. Nemi Touch and hold delay ka mai da shi Long. A Samsung da Redmi akwai kuma Lock Home screen layout, wanda ke kafe komai a inda ka ajiye shi.

Yanzu share allon farko tas. Bar abin da yake amfani da shi kullum kawai: kira, WhatsApp, kyamara, agogo, rediyo. Sauran gurbin na mutane ne. Danna wurin da babu komai ka riƙe, zaɓi Widgets, nemi Contacts, ɗauko Direct dial, ka zaɓi mutum. Fuskarsa za ta zauna a kan allo, taɓawa ɗaya kira ya tafi. Mutum huɗu zuwa shida sun isa, kowa da hoton fuskarsa daga kusa, ba hoton biki mai mutum goma ba. Ga wanda ba ya karatun boko, wannan kaɗai ya biya kuɗin wayar. Sunayen kuma a rubuta su yadda shi yake kiran mutanen. Idan Auta yake cewa, Auta za a rubuta, ba sunan takarda ba. Ka tuna fa ɗan fari ma wasu iyayen ba sa kama sunansa. Tambaye su me za a sa.

Illar taɓawa ɗaya ita ce kira cikin aljihu. Nemi Pocket mode ko Accidental touch protection ka kunna, ka kuma koya masa danna madannin gefe ya kashe allo kafin ya cusa waya a aljihun riga.

Ɗaga kira ma yakan zama aiki. Ana ja koren yana komawa, har kiran ya katse. A Samsung, cikin saitin manhajar kira akwai Answering and ending calls, inda ake sa madannin ƙara murya ya ɗaga kira, na gefe kuma ya kashe. A sauran wayoyi nemi Power button ends call. Shi ma yana maganin wani asarar kati, wato a gama magana a ajiye waya ba a katse ba. Masu Samsung na iya gwada Easy mode, masu iPhone daga iOS 17 na 2023 kuma suna da Assistive Access, dukansu suna rage waya zuwa manyan alamomi kaɗan.

Rubutu da yatsa ba dole ba ne. Saƙon murya shi ne abin da dattawa suka fi kamawa da wuri, sai dai riƙe alamar makirfo na gajiyar da su, yatsa ya zame saƙo ya tafi rabi. Nuna masa yadda ake danna alamar a ja ta sama ta kulle, sai ya yi maganarsa a natse. Mai karatu kuma a ƙara masa Hausa a madannan Gboard, manhajar rubutu ta Google, inda zai samu ɓ da ɗ da ƙ. Tun 2024 Google ya sa Hausa cikin harsunan da ake yi wa waya magana ta rubuta, a Gboard da wurin bincike. Yana bukatar data, kuma ya fi ji idan an yi magana a hankali a wuri marar hayaniya. Juya harshen wayar duka zuwa Hausa, wanda wasu wayoyin Tecno da itel ke yarda, a yi shi da lura: fassarar ba ta kaiwa kowane lungu, kuma ranar da kake nesa kana yi masa kwatance, abin da ke kan allonka da nasa ba za su zo ɗaya ba.

Kunne

"Na ƙure murya amma ba na jin kira." Gaskiya ya faɗa. Murya a Android kashi-kashi ce: ta kira mai shigowa, ta bidiyo da karatu, ta ƙararrawa, ta cikin kira. Madannin ƙara murya, idan ba a cikin kira ake ba, yawanci ta bidiyo yake ɗagawa. Shiga Sound ka ja Ring volume da Alarm volume zuwa ƙarshe da hannunka.

Kunnen tsufa siririyar murya yake fara rasawa. Don haka zaɓi ƙara mai kauri, irin ta tsohuwar tarho, maimakon mai tsiwa kamar kukan tsuntsu. Haɗa da girgiza. Idan kunnen ya yi nauyi sosai, nemi Flash notifications, fitilar bayan waya za ta riƙa walƙiya idan an kira. Samsung da iPhone sun daɗe da shi, sauran kuma sun samu daga Android 14. Wanda kunne ɗaya ne ke yi masa aiki a kunna masa Mono audio idan yana sa abin kunne. Kowane ɗa kuma ana iya ba shi ƙararsa ta daban, Hajiya na kicin ta san wa ke nema. Dattawa da yawa za su ce a sa musu ƙira'a. A tuna musu dai malamai da dama ba sa son haka, saboda ana yanke aya a tsakiya, waya kuma tana shiga banɗaki.

Babban dalilin rashin ɗaga kira a gidajenmu shi ne masallaci. An rufe muryar waya kafin azahar, an manta, har isha. Maganinsa shi ne rufewa mai wa'adi. A cikin Do Not Disturb akwai wurin zaɓar tsawon lokaci. Sa awa 1, duk sanda aka kunna shi zai sauka da kansa. Samsung na da Temporary mute mai yin haka. Idan da dare ake son shiru, a bar ƙofa ga mutanen da aka yi wa alamar tauraro, da wanda ya sake kira cikin minti 15.

Murya ta dushe a cikin kira? Duba ragar da ke saman allo, inda ake kara kunne. Ƙura da maiƙo ke toshe ta. Busasshen buroshin haƙori mai laushi ya isa. Ban da allura, ban da ruwa.

Magani da lokaci

Agogon da ya zo da wayar ya fi duk wata manhajar tuna magani da za ka sauke, domin tsarin tattalin batir ba ya kashe shi. Kowane lokacin shan magani a yi masa ƙararrawarsa, a zaɓi duka kwana bakwai, a rubuta mata suna a gurbin Label: "Hawan jini, ƙwaya 1, bayan karin kumallo." Ƙarar ta bambanta da ta kira. Kuskuren da aka fi yi shi ne na AM da PM, a sa takwas na safe ta tashi takwas na dare. Bayan ka ajiye, wayar na nuna awa nawa ya rage ta buga. Karanta wannan ɗan rubutun, shi ke tona kuskuren. Nuna masa bambancin kashewa da ɗagawa zuwa anjima, in ba haka ba za ta yi ta dawowa har ya tsane ta. Kada kuma a dogara da ƙararrawa idan waya a kashe take, ba kowace ce ke farkawa ba.

Manhajar kiran salla, tun da daga waje take, ita ce batir ke shaƙewa. Shiga bayananta, ƙarƙashin Battery, zaɓi Unrestricted.

Ɗauki hoton kwalin kowane magani da katin asibiti, ka tara su a kundi ɗaya. Ranar da likita ya tambaya wane yake sha, ba sai an ce "wani fari ne ƙarami" ba.

Maniyyata su lura: Saudiyya na gaban Najeriya da Nijar da awa 2, tana gaban Ghana da awa 3. Idan saitin lokaci na kan atomatik, agogo zai juya da kansa a Jidda ko Madina, ƙararrawa ta bi sabon lokacin. Mai allurar ciwon suga ko wani magani mai ƙa'idar awanni ya tambayi likitansa kafin tafiya, kamar yadda zai tambaya kafin azumi.

Idan wani abu ya faru a hanya

Waya a kulle ba ta gaya wa kowa komai. Nemi Emergency information ko Safety and emergency ka cika suna, rukunin jini idan an tabbatar da shi, ciwon da yake fama da shi, maganin da jikinsa ba ya karɓa, da lambar mutum biyu. Duk wanda ya tsinci wayar zai iya ganin wannan daga allon kulle ta hanyar danna Emergency. Amma ba kowa ya san da haka ba, don haka ƙara da rubutu a fili a kan allon kulle, ta Add text on lock screen ko Contact information: "A kira ɗansa" da lamba. Alhaji a ƙasa mai tsarki a sa masa sunan masaukinsa.

Daga Android 12, danna madannin gefe sau 5 a jere na tura kiran gaggawa, a Najeriya 112. Yana da amfani, amma dattijon da allo ya ƙi kunnuwa yakan yi ta dannawa, sai jiniya ta tashi ya firgita. A wayoyi da dama ana iya sauya lambar zuwa ta wani na gida. Nuna masa yadda abin yake, da inda ake soke shi kafin ƙirgen ya ƙare.

Kulle, kati da data

Layin dattijo yanzu shi ne ƙofar asusunsa na banki, don haka waya ba kulle ganganci ne. Lamba ta fi zane, don zane na bukatar hannu marar rawa. Kada ta zama 1234 ko shekarar haihuwa. Zanen yatsa na da sauƙi, sai dai yatsun tsofaffi sun sha aiki, layukansu sun shafe. Ga bushewar hunturu, ga sabon lalle, ga damshin alwala. Yi rajistar yatsa ɗaya sau biyu, ƙara wani daga ɗaya hannun. Duk da haka dole ya riƙe lambar, domin waya na neman ta duk sanda aka kashe aka kunna, da kuma bayan awa 72.

Ɓoye abin da saƙonni ke ɗauke da shi a allon kulle, don kada lambar da banki ke turowa ta fito ga kowa. Shi kansa layin ana kulle shi ta SIM card lock, yadda ko an cire shi an sa a wata waya ba zai yi aiki ba. Wannan na da amfani ƙwarai ga mai kai waya wurin masu caji. Amma kada ka fara sai lambar PUK, wadda ke buɗe layi idan ya kulle, na hannunka. Tana jikin katin da aka ɓallo layin. Kuskuren lambar sirri uku layi ya kulle, kuskuren PUK goma ya mutu, sai an je ofishin kamfani da lambar NIN. Wanda mantuwa ta fara kamawa, a bar masa wannan.

Sai jumla ɗaya da za a maimaita masa har ta zauna: banki ba ya kira ya nemi lambar sirri, ko lambar jikin katin cire kuɗi, ko wadda aka turo ta saƙo. Duk wanda ya nema, a kashe, a kira ɗa.

Tun 2023 hukumar sadarwa ta NCC ta haɗe lambobin dukan layukan Najeriya: *310# duba kati, *323# duba data, *312# sayen data, *305# dakatar da tsare-tsaren da ke cin kati a ɓoye, 300 kiran kamfani. Tura STOP zuwa 2442 na tsayar da saƙonnin talla. Ba sai ya haddace ba. Ajiye *310# a matsayin lambar mutum mai suna "Duba kati", ka ɗora ta a allon farko kamar sauran fuskokin.

Data kuma wuri uku take zuba. A Play Store a sa sabunta manhajoji sai da Wi-Fi. A WhatsApp, ƙarƙashin Storage and data, a cire saukar bidiyo da kansa, don zaurukan dangi da na unguwa ba sa hutawa. Wannan ne kuma ke cika waya har ta fara nauyi. Sannan a kunna Data Saver, amma a ware WhatsApp daga takurawar, in ba haka ba saƙo zai riƙa makara. Idan layi biyu ne, tsayar da wanda ke kira da wanda ke data, kada waya ta riƙa tambayarsa kullum. Labarai kuwa rediyon cikin waya ba ya cin ko sisi. Yawanci sai an soka wayar abin kunne, ita ce eriya, sannan a mai da muryar lasifika.

"Wayar ta lalace"

Kafin a tafi kasuwa, duba waɗannan.

Waya ta fara surutu, wani koren akwati na zagaye abubuwa, an taɓa ba ta buɗewa. Ba aljanu ba ne, TalkBack ne na makafi, kuma yakan kunnu idan an damƙe madannan murya biyu tare na daƙiƙa 3, abin da ke faruwa idan an riƙe waya da ƙarfi. Sake damƙe su haka zai kashe shi. Idan ya ƙi, ka sani a wannan yanayin taɓawa ɗaya zaɓi ce, biyu da sauri buɗewa, jan allo kuma da yatsu biyu. Da haka za ka isa Accessibility ka kashe shi, ka kashe gajeriyar hanyar tasa ma.

Babu sabis sam: duba ko alamar jirgi na sama. Jawo labulen saman allo, taɓa alamar fensir, ka tura jirgin can shafi na biyu, ka dawo da tocila gurbin farko. Rubutun Safe mode a ƙasan allo, manhajoji sun yi toka-toka: kashe ka kunna. Ana cikin magana ɗayan ya daina ji: gilashin kariya ya rufe ɗan idon da ke saman waya, allo bai mutu ba, kunci ya danna rufe makirfo, a sauya gilashin da mai tsaga a wurin. Masu saƙon murya duk sun koma magana da gudu: an taɓa 1.5x ko 2x, a mai da shi 1x. Tallace-tallace na faɗowa: danna ɗaya ka riƙe, wayar za ta nuna manhajar da ta turo shi, ka rufe mata baki. Caji na shiga yana fita: auduga ce ta aljihu ta cushe ramin, a kashe waya a zaƙulo ta a hankali da tsinken sakace. Amma idan bayan waya ya kumbura, batir ne, a daina caji nan take a kai a sauya.

Koyarwar kanta

Hannunka ya zauna a cinyarka. Da zarar ka fizge wayar ka ce "kawo in yi", darasi ya ƙare, kuma ba zai sake tambayarka ba don kunya. Faɗi, shi ya taɓa: "Baba, ku duba ƙasa, ku taɓa na tsakiyar. Yauwa. Yanzu ku nemo fuskar Auta." Ya yi sau uku a gabanka, sannan ka koma ɗaya ɗakin ka kira shi ya ɗaga. Abu ɗaya a rana ya isa. Yi amfani da kalmomin da ido ke gani, kore, ja, jirgi, fensir, ba sunayen Turanci ba. Matakan a rubuta su a littafin da manyan baƙaƙe, da boko ko ajami, duk wanda ya fi karantawa, a zana alamar a gefe.

Ka kuma ɓatar da shi da gangan. Buɗe wani wuri da bai sani ba, miƙa masa, ka ce ya koma gida. Wanda ya tabbatar madannin tsakiya na fitar da shi daga ko'ina ya daina tsoron taɓa waya.

Bayan mako ɗaya sake dubawa, domin akwai jikoki. Su ne ke sauke wasanni, su rage murya, su sauya hoto, kuma kaka ba za ta hana su ba. Nemi App pinning, ko Pin windows a tsofaffin Samsung, ka kunna tare da zaɓin neman lambar sirri kafin a fita. Idan yaro ya karɓi waya, a buɗe masa abin da zai kalla, a danna madannin ganin abubuwan da ke buɗe, a taɓa alamar manhajar a sama, a zaɓi Pin. Ba zai iya fita daga nan ba. Idan ya dawo da ita, a danne madannin baya da na ganin abubuwan da ke buɗe tare, a riƙe, sai waya ta nemi lamba.